Rigar da aka ɗinka da awon wani: mata da baƙi a kurkuku mai tsattsauran tsaro

A shekarar 1986 hukumar gidajen yari ta gwamnatin tarayyar Amurka ta buɗe wani sashe a ƙarƙashin ginin kurkukun Lexington da ke jihar Kentaki, ta ce na mata ne masu haɗari. Ɗakuna 16 ne, fitilu a kunne, kyamarori na bin kowane motsi, ga binciken jiki ba ƙaƙƙautawa. Cikin matan da aka zuba a wurin akwai Silvia Baraldini, 'yar Italiya da aka yanke wa shekara 43 saboda alaƙarta da ƙungiyoyin 'yan juyin juya hali a Amurka. Sashen bai wuce shekara biyu ba. An kai ƙara kotu, ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da shi, aka rufe shi a 1988. Ita kuwa Baraldini sai a 1999 aka miƙa ta ga Italiya, bayan gwamnatin ƙasarta ta yi ta nema ana hana ta.

Na fara da wannan mata ne saboda abubuwa biyu sun taru a kanta: mace ce, kuma baƙuwa ce. Kurkuku mai tsattsauran tsaro kuwa, a duk inda yake, da awon wani mutum daban aka ɗinka shi: namiji, ɗan ƙasa, mai ƙarfin jiki, wanda ake tsoron ya kashe gandiroba ko ya haura katanga.

Tsoron nan yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. A rana ɗaya cikin watan Oktoba na 1983 fursunoni suka kashe gandirobobi biyu a kurkukun Marion da ke Amurka, aka kulle kowa a ɗakinsa, kullen da ya ɗauki shekaru sama da 20. Daga nan aka samo tsarin da ya haifi kurkukun ADX Florence na jihar Kolorado a 1994, inda fursuna ke yin wajen awa 23 a rana shi kaɗai a ɗakin kankare. Joaquín Guzmán, ɗan Meziko da aka fi sani da El Chapo, yana can. Sau biyu yana tserewa daga manyan gidajen yarin ƙasarsa, a 2001 da 2015, na biyun ta wani rami mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi da aka haƙo har ƙarƙashin wurin wankansa. Italiya ma ta tsananta dokarta ta 41-bis, ta tsattsauran tsaro a kurkuku, ne bayan 'yan Mafiya sun kashe alƙalai Giovanni Falcone da Paolo Borsellino a 1992, domin shugabannin gungun suna ba da umarnin kisa daga cikin kurkuku. Irin waɗannan mutane aka yi wa ginin. Tambayar ita ce, ta yaya wanda bai yi kama da su ba yake ƙarewa a ciki?

Amsar tana wurin tantancewa. Idan aka kawo fursuna, ana auna shi a ba shi maki: nauyin laifinsa, tsawon hukuncinsa, ko ya taɓa gudu, ko ya taɓa tada rikici a tsare, sannan ko yana da abin da zai riƙe shi a gari, kamar gida tsayayye da aiki da iyali. Makin ne ke yanke inda zai kwana, awa nawa zai fita, wa zai ziyarce shi, da ko za a bar shi ya koyi sana'a. Alƙali ya faɗi yawan shekaru, amma takardar tantancewa ce ke faɗin ɗanɗanon shekarun. A wannan mataki mace da baƙo suke faɗuwa, kowanne ta fuskarsa.

Matsalar mata ta farko lissafi ce. Cikin mutum sama da miliyan 11 da ke tsare a duniya, mata ba su wuce kusan kashi 7 cikin 100 ba, wato sama da 700,000. A Ingila kusan kashi 4 ne. Maza suna da yawan da za a raba su gida-gida: wannan na masu ƙaramin laifi, wancan na matsakaita, wancan na riƙaƙƙu. Mata kuwa sau da yawa gida ɗaya ko biyu ƙasa ke iya ware musu, ko ma wani ɓangare a cikin kurkukun maza. Gida ɗaya da zai ɗauki kowa dole a gina shi daidai da wadda ta fi kowa haɗari. Sai ka tarar wadda ta saci kaya a kanti tana bayan katanga ɗaya, da ƙa'idar bincike ɗaya, da wadda ta yi kisa. Ga nisa kuma: gida ɗaya ga faɗin ƙasa yana nufin 'ya'yanta za su yi tafiyar yini kafin su gan ta na awa ɗaya, idan har akwai mai kawo su.

Ta biyu ita ce ma'aunin kansa. Yawancin ma'aunan haɗari daga halayen maza aka tsara su, daga baya aka ɗora wa mata. A Kanada an daɗe ana jayayya a kan wannan, domin ma'aunin yana tura matan ƙabilun asali zuwa sashen tsaro mafi tsanani fiye da kima, kuma yau kusan rabin matan da ke gidajen yarin tarayyar ƙasar daga cikinsu suke. Abubuwan da ke ɗaga makin mace sau da yawa alamun rauni ne: ba ta da matsuguni, ba ta yi karatu ba, tana shan ƙwaya, ta taɓa yanka jikinta. Takarda tana karanta wannan a matsayin haɗari, alhali haɗarin kanta yake komawa. Wanda duk ya san kurkukun mata ya san cewa abin da ke hana ma'aikata barci shi ne wadda za ta ɗaure wuyanta da zani cikin dare. A kurkukun Styal na Ingila mata shida suka mutu cikin kusan shekara ɗaya, a 2002 da 2003, abin da ya kai ga rahoton Corston na 2007 a kan halin mata a gidajen yarin ƙasar. A Kanada wata yarinya mai shekara 19, Ashley Smith, ta shaƙe kanta a ɗakin kaɗaici a 2007, gandirobobi suna kallo daga waje saboda umarnin da aka ba su na kada su shiga muddin tana numfashi. An amsa rashin lafiyarta da ƙarin kulle, har kullen ya ƙarasa ta.

Dokokin duniya sun gane wannan, ko da yake a makare. Tun 1955 Majalisar Ɗinkin Duniya take da ƙa'idojin kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela. Su ne suka ce a raba maza da mata, makullin sashen mata ya kasance a hannun mace, kuma ma'aikaci namiji kada ya shiga sai da rakiyar ma'aikaciya. Amma sai a 2010 aka samu ƙa'idoji 70 na musamman a kan mata, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Bankok saboda ƙasar Tailan, wadda Bankok ne babban birninta, ce ta jagoranci samar da su. Ƙa'ida ta 41 ta fito fili ta ce a lura mata galibi ba su da haɗari ga wasu kamar maza, kuma tsaro mai tsanani da keɓewa suna yi musu illa ta daban. Sauran sun taɓo abubuwan da mai zanen kurkukun maza ba zai tuna da su ba: audugar mata kyauta, mace ce kaɗai za ta binciki jikin mace, a nemi na'ura a madadin tuɓe mutum, kada a kai mai ciki ko mai shayarwa ɗakin horo na kaɗaici, kada a sa wa mace ankwa ko mari lokacin naƙuda da haihuwa da bayanta nan take.

Ka tsaya a kan ta ƙarshen nan. Sai da aka rubuta a takardar duniya cewa kada a ɗaure mai naƙuda da sarƙa, saboda ana yi. Dalilin kuwa tsarin ne: doka ta ce duk fursunan da ke matakin tsaro kaza, idan zai fita asibiti, a ɗaure shi, kuma dokar ba ta san ciki ba. Amurka sai a 2018 ta hana wannan da doka a gidajen yarin tarayya. A 2019, a kurkukun Bronzefield na Ingila, wata yarinya mai shekara 18 ta haihu ita kaɗai a ɗakinta cikin dare bayan ta danna ƙararrawar neman taimako ba a zo ba, jaririyar kuma ba ta rayu ba. Wannan a ƙasa mai arziki ke nan, mai masu sa ido da 'yan jarida.

Binciken tsirara ma haka yake. A idon jami'in tsaro hanya ce ta kama ƙwaya da reza. Amma kaso mai yawa na matan da ke tsare sun sha duka ko fyaɗe kafin su zo, saboda haka a tuɓe su a gaban mai iko da su tamkar fama tsohon gyambo ne. A 1994 wata tawagar maza masu kwantar da tarzoma ta tuɓe mata a kurkukun mata na Kingston a Kanada, bidiyon ya fita, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Louise Arbour, gidan kuma aka rufe shi a 2000. Inda ƙofa ta fi kauri nan ne kuka ya fi wuyar fita. A kurkukun mata na Dublin da ke Kalifoniya shugaban gidan kansa aka samu da laifin lalata da fursunoni a 2022, kafin a rufe wurin a 2024.

Akwai mata masu haɗari na gaske, ba na musun haka. Sai dai ƙarancinsu ya zama wani azabar. ADX Florence maza zalla yake ɗauka, don haka matan da Amurka ke ganin sun fi haɗari ana ajiye su ne a wani ƙaramin sashe a Carswell da ke Teksas. A Carswell ɗin ne Aafia Siddiqui, 'yar Pakistan da aka yanke wa shekara 86 a 2010, take zaune. A Italiya, cikin ɗaruruwan da ke ƙarƙashin 41-bis, matan 'yan ƙalilan ne, kuma a garin L'Aquila ake tsare da su. Sashen da ke da mata biyar ko goma, waɗanda wasunsu an hana su haɗuwa da juna, ya zama kaɗaici ko da ba a kira shi da sunan ba. Ƙa'idojin Mandela sun ce kaɗaici shi ne mutum ya yi awa 22 ko fiye a rana ba tare da mu'amala mai ma'ana da ɗan'adam ba, kuma sun haramta ya wuce kwana 15 a jere. Namiji a irin wannan mataki yana iya samun abokan fita fili. Mace kuwa tana iya shekara ba ta da abokiyar magana, ba don an hukunta ta da haka ba, sai don babu wata irinta a gidan.

Shi baƙo ta wata ƙofa yake shiga tarkon. A Suwizalan kusan kashi 70 cikin 100 na fursunoni ba 'yan ƙasa ba ne. A Ingila da Wales wajen mutum 10,000 ne, kusan kashi 12. Yawan nan yana da alaƙa da yawan baƙi a ƙasa, amma yana da alaƙa kuma da yadda ake yanke shawara. Alƙali yana duba beli, sai ya tambaya: ina gidansa, wa zai tsaya masa? Baƙo ba shi da amsa, sai a ce zai gudu, a tsare shi har a gama shari'a. Bayan hukunci wannan zato na gudu yana biye da shi. Ɗan ƙasa mai irin laifinsa zai riƙa sauka mataki-mataki, daga rufaffen gida zuwa buɗaɗɗe, zuwa fita aiki da rana, zuwa sakin talala. Baƙon da ake shirin tasa ƙeyarsa yawanci a saman tsanin yake tsayawa, domin hukuma tana ganin ba ta da dalilin shirya shi ya koma cikin al'ummar da ba za ta karɓe shi ba.

Sai harshe, wanda a ganina shi ne katangar da ta fi ta kankare tsawo. Komai a kurkuku da takarda ake nemansa: ganin likita, canjin ɗaki, ƙorafi, ɗaukaka ƙara. Wanda bai ji umarni ba ana rubuta masa taurin kai, taurin kai kuma yana ƙara maki. Darussan gyaran hali da hukumar sakin talala ke son gani da harshen ƙasa ake yin su. Idan babu tafinta sai a jawo wani fursuna ya yi fassara, ka ga sirrin rashin lafiyar mutum ko bayanin shari'arsa ya shiga bakin maƙwabcin ɗaki. A sashen tsaro mai tsanani, inda ake sauraron waya ana karanta wasiƙa, akan tilasta magana da harshen da jami'ai ke ji, ko wasiƙa ta yi makonni tana jiran mai fassara. Uwar da ba ta jin wani harshe sai nata, ta yaya za ta gaisa da ɗanta?

Abin da doka ta tanada wa baƙo shi ne jakadancin ƙasarsa. Sashe na 36 na yarjejeniyar hulɗar ƙananan jakadu da aka sa wa hannu a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1963, ya ce a sanar da wanda aka kama ba tare da jinkiri ba cewa yana da haƙƙin a gaya wa ofishin jakadancinsa, kuma jami'an ofishin suna iya ziyartarsa su nema masa lauya. Zaɓin nasa ne, domin wanda ya gudo daga gwamnatinsa ba zai so ta san inda yake ba. Rashin cika wannan sashe ya kai ƙasashe Kotun Duniya. Jamus ta kai Amurka ƙara a kan 'yan'uwa biyu, Karl da Walter LaGrand, waɗanda jihar Arizona ta kashe a 1999, kotun ta ba Jamus gaskiya a 2001, bayan an riga an binne su. Meziko ta yi nasara a 2004 a kan 'yan ƙasarta 51 da ke jiran kisa, amma duk da haka Teksas ta kashe ɗaya daga cikinsu, José Medellín, a 2008. Mai shaidar ƙasa biyu kuwa yana iya rasa ko wannan ɗin. Iran ba ta amincewa da ƙasa ta biyu, shi ya sa da ta tsare Nazanin Zaghari-Ratcliffe, mai shaidar Iran da Birtaniya, daga 2016 zuwa 2022 ta ɗauke ta 'yar Iran kawai, ta hana jami'an Birtaniya ganinta a kurkukun Evin. Ko inda aka buɗe ƙofa ma, jakada ba ya sakin kowa. Iyakarsa ziyara da matsin lamba, kuma ofishin ƙasa matalauciya mai ma'aikata uku da ke kula da ƙasashe huɗu ba lallai ya taɓa zuwa ba.

Wasu ƙasashe sun zaɓi su ware wa baƙi gidajensu. Norway ta mayar da kurkukun Kongsvinger na baƙi, Ingila tana da Maidstone da Huntercombe da Morton Hall. Akwai amfani a ciki: tafintoci da jami'an shige da fice suna wuri ɗaya, mutum yana samun mai jin harshensa. Amma manufar gidan ta koma shirya kora. A Birtaniya, tun dokar 2007, baƙon da aka yanke wa wata 12 ko fiye ana ɗaukar korarsa a matsayin abin da za a yi kai tsaye sai in ya kawo hujjar da doka ta yarda da ita. Dokar ta biyo bayan abin kunyar 2006, lokacin da aka gano an saki baƙi sama da 1,000 ba tare da duba batun korarsu ba, har ministan cikin gida Charles Clarke ya rasa kujerarsa. Tun daga nan ba ɗan siyasar da ke son a ce ya yi sassauci. Sakamakon shi ne mutum ya gama wa'adinsa ranar Talata, ranar Laraba ya wayi gari a ɗaki ɗaya, yanzu a hannun hukumar shige da fice, yana jiran takardar tafiya da ƙasarsa ba ta gaggawar bayarwa. Denmark ta wuce nan, ta ƙulla yarjejeniyar hayar gurabe 300 a wani kurkuku a Kosobo domin baƙin da za ta kora. A watan Maris na 2025 kuma Amurka ta kwashi 'yan Benezuwela sama da 200 ta kai su CECOT, katafaren kurkukun da El Salbado ta buɗe a 2023, ƙasar da ba tasu ba, wadda kotunta ba ta yanke musu komai ba. Sai a watan Yuli aka mayar da su gida ta hanyar musaya.

Hanyar da ta fi kama da adalci ita ce a mayar da fursuna ya ƙarasa hukuncinsa a ƙasarsa. Yarjejeniyar Majalisar Turai (Council of Europe) ta 1983, wadda ƙasashe da dama na wajen Turai suka shiga, ta shimfiɗa sharuɗɗa: hukuncin ya zama na ƙarshe, laifin ya zama laifi a ƙasashen biyu, a ƙalla wata shida ya rage, sannan ɓangarori uku su yarda, wato ƙasar da ta ɗaure, ƙasar da za ta karɓa, da shi fursunan. Da ita aka mayar da Baraldini Italiya. Ƙa'ida ta 53 ta Bankok ta ƙara da cewa a duba mayar da mace baƙuwa gida da wuri, musamman mai 'ya'ya a can. Amma yarda uku abu ne mai wuyar haɗuwa. Ƙasar da ta ɗaure tana tsoron a sake shi da wuri, ƙasarsa ba ta son ƙarin baki a gidajen yarinta da suka cika, shi kuma wani lokaci ya san kurkukun gida ya fi wanda yake ciki muni. Abin da ya fi saurin tafiya shi ne ciniki tsakanin gwamnatoci, ga wanda sunansa ke da nauyi. Brittney Griner, 'yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka, an kama ta a Mosko a Fabrairun 2022, aka yanke mata shekara 9, aka kai ta sansanin fursunoni a Mordobiya, amma kafin shekarar ta ƙare an musanya ta da dillalin makamai Viktor Bout.

Yawancin matan da ke tsare a ƙasashen waje ba su da wannan gata. Da yawansu 'yan aike ne a safarar ƙwaya, waɗanda aka ba jaka a filin jirgi, da saninsu ko ba da saninsu ba. Dokokin ƙwaya da nauyin kaya suke auna laifi, don haka mai ɗauke da kilo biyu tana samun hukuncin babban dillali, dogon hukunci kuma yana jefa ta matakin tsaro na sama tun ranar farko, ko da ba ta taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Mary Jane Veloso, 'yar Filifin mai aikin gida, an kama ta a Yogyakarta ta Indonesiya a 2010 da kilo 2.6 na hodar heroin a cikin akwatin da ta ce wadda ta yi mata alkawarin aiki ce ta ba ta. Lauyoyinta sun daɗe suna cewa tafintan da aka ba ta a kotu ɗalibi ne da ke fassara zuwa Turanci, harshen da ba ta ƙware a kai ba. An yanke mata hukuncin kisa. A Afrilun 2015 an riga an kai ta tsibirin Nusakambangan inda ake harbe fursunoni, aka dakatar da nata a daren da aka kashe mutum takwas. Sai a Disamban 2024 aka mayar da ita Manila, kai tsaye zuwa kurkukun mata, inda 'ya'yanta maza biyu da ta bari suna ƙanana suka zo ganinta sun zama samari.